Falmaran Mai Batir

A garin Ƙanƙara muka kwana, don a zamanin nan ba mai fitowa daga Pauwa da duku-duku sai wanda ya gaji da ransa. Tun bayan la'asar aka kawo Kawu a kan babur, an sa shi a tsakiya, babban ɗansa na tallafe da shi ta baya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai safa kawai. Kwana goma sha ɗaya ke nan rabonsa da wankin ƙoda, alhali likita sau uku ya ce a mako. Sau ukun nan kowa a gidan ya ji, ba kuma wanda ya musa. Aljihu ne dai bai ji ba.

Ni daga Kano na taso in tafi da shi, kuma na zo da tsaraba a leda. Wata riga ce baƙa marar hannu, mai zif a gaba. In ka shafa ta za ka ji wasu siraran zaruruwa shimfiɗe tsakanin ƙyalle da ƙyalle, wajen kafaɗu da gadon baya da gefen ciki. A aljihun ciki akwai 'yar igiya da ake sokawa a pawa bank, irin wanda muke cajin waya da shi. Maɓalli ɗaya gare ta a ƙirji: in ya kawo ja, zafi ke nan sosai, fari tsaka-tsaki, shuɗi kuwa ɗumi-ɗumi. Wani abokina mai saro kayan waya daga Gwanzu ta ƙasar Sin ya kawo mini, ya ce a can masu babur da masu gadi ke sa ta in sanyi ya tsananta.

Kawu ya juya ta, ya sake juyawa, ya leƙa aljihun. "To ai wannan falmaran ce," in ji shi. "Falmaran mai batir." Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Inna kam ba ta yi dariya ba. "Yanzu mutum da ranshi za ku jona ma wuta kamar rediyo?" Na ce mata wutar ba ta wuce ta cajin waya ba, bolt biyar ce, ko yaro ya taɓa ba za ta ja shi ba. Ta ce, "Wayar ma ai muna jin labarin tana fashewa." Na yi shiru, don ta fi ni gaskiya. Batirin da ke cikin irin waɗannan abubuwa in ya kumbura, ko ya sha rana, ko aka danne shi, yana iya kamawa da wuta, ga kasuwa cike da jabu.

Abin da ya sa na sayo ta, tun da Kawu ya fara wankin nan ban taɓa jin ya yi kukan allura ba, bai kuma yi maganar bijimin da aka sayar ba, ko buhunan masarar da suka bi bayansa. Kukansa ɗaya ne. "Kai, ɗarin ɗakin nan. Shina shiga har cikin ɓargo." Na taɓa ce masa mu ƙara bargo, ya ce, "Sanyin da ke cikin ɓargo, bargo bai kai mashi." Wannan fa mutum ne da na tashi na gan shi yana shiga fadama da asubar hunturu, ƙafa ba takalmi, yana ban ruwan albasa, mu muna maƙale a gindin murhu.

A daren muka sa kaskon gawayi a ɗaki, aka ji ɗumi, muka fitar da shi kafin barci, don gawayi a rufaffen ɗaki ya sha kashe mutane cikin barcinsu ba tare da sun ko motsa ba. Wuta babu a unguwar, sai na kai pawa bank ɗin wurin mai caji kusa da tasha, ya manna masa lamba ya jera shi cikin wayoyin mutane. Ina tsaye na tuna watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da maƙwabtansu saboda 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kuma hana sana'ar cajin waya ta kuɗi a yankin. Da a lokacin na kawo wannan riga, da falmaran ta ado ta zama.

Da safe muka isa tasha tun hazo bai ɗaga ba. Gari ya yi fari fat, sai ka ce an watsa farar ƙasar da ake haƙa a yankin. Motar ta cika tuni, amma direba bai tayar ba. Al'adar da aka koya ce a hanyoyin nan: a jira a ga motar farko ta shigo daga ɗaya ɓangaren, a tambayi direbanta yadda ya baro hanya. Kowa ya koma teburin mai shayi.

A nan na ga wani ɓangare na ciwon da ban taɓa lura da shi ba. Duk maganin sanyin Bahaushe ta baki yake shiga. Shayi mai citta da kanumfari, koko da ƙosai, kunun tsamiya, kunun kanwa, farfesu mai yaji da romo. Kawu duk an rufe masa waɗannan ƙofofi. Ƙodar da ta daina tace jini ta daina fitar da ruwa, don haka abin da ya sha yana nan a jikinsa, ya sauka a ƙafa, in ya yi yawa ya hau huhu ya hana shi numfashi. An auna masa abin da zai sha a yini, kuma koko da miya da ruwan haɗiyar magani duk a cikin lissafin suke. Gishiri da dunƙulen miya da kanwa suna ƙara masa ƙishi su hau da jini. Dabino da ayaba, waɗanda kowa ke kai wa marar lafiya dubiya, suna ɗauke da sinadarin fotashiyam, wanda in ya taru a jinin mai ciwon ƙoda yana iya tsayar da zuciya. Ya zauna a kan benci yana kallon tururin kofunan mutane, hannuwansa a hammata. Mai shayi, da yake mutumin kirki ne, ya miƙo masa kofi kyauta. Kawu ya karɓa, ya riƙe da hannu biyu har yatsunsa suka yi ɗumi, ya shinshina, ya miƙa wa ɗansa.

Sai a sannan ya ce, "Kawo falmaran ɗin nan mu gani."

Na sa masa a kan 'yar shara, na mayar da jamfa da suwaitar gwanjo a sama, na danna shuɗi. Direba ya leƙo ya ga igiya ta fito daga aljihun tsoho. "Baba, caji ake maku?" Da aka yi masa bayani ya kwashe da dariya, ya ce yau ya ga pawa bank na mutanen Pauwa. Kafin mu tashi, rabin tashar sun zo sun ɗora hannu a bayan Kawu don su ji da kansu, shi kuwa ya zauna ƙyam kamar ango.

Mota ta shigo daga wajen Malumfashi, aka ce hanya lafiya. Muka ɗauki kujerar gaba mu biyu, na biya kuɗin mutum uku don kada a matse masa wuya, inda bututun wankin yake a liƙe da filasta.

Tsakanin Ƙanƙara da Marabar Ƙanƙara ba a hira a mota. Kowa idonsa na bakin hanya, leɓɓa na motsi. A shingen dakarun tsaron al'umma, waɗanda gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa a 2023, wani saurayi da ya naɗe kansa da rawani saboda iska ya leƙo, ya ga Kawu, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ɗaga mana hannu. Wajen 'Yargoje direba ya ƙara wuta. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta garin, aka nausa da su dajin da ke bayan su Pauwa da Zango. Su ma a tsakiyar hunturu aka kora su, da yawansu ba takalmi. 'Yan jarida sun zo sun tafi, mutanen wurin suka ci gaba da zama da abin. Mai ciwon ƙoda a wannan yanki yana lissafin kuɗi, yana lissafin kwanaki, yana kuma lissafin ko hanya za ta bar shi ya wuce. In aka tare hanya ranar wankinsa, sai ya ƙara kwana da gubar a jikinsa.

Da muka hau babban titi sai ka ji an saki numfashi gaba ɗaya, wani ya fara cinikin waken suya da maƙwabcinsa. Gilashin ɓangaren Kawu ba ya rufewa duka, iska na shigowa kamar reza. Na juya in gyara masa hula, sai na tarar ya yi barci, baki a buɗe, kansa a jingine da kafaɗata. Ɗansa ya ce tun da sanyi ya shigo bai ga ya yi barci irin wannan ba. Muka wuce Malumfashi, muka karya a Dayi muka ɗauki hanyar Gwarzo, bai farka ba. Gonaki duk an girbe, sai karan dawa a tsaye da sauran itacen auduga nan da can. Ƙasar auduga ce wannan, daga nan har Funtuwa, ita ta ciyar da masaƙun Kaduna da Kano shekara da shekaru. Ga manomin auduga yau yana barci cikin rigar roba da aka ɗinko daga Sin. Ban tashe shi na faɗa masa ba.

Mutanen yankinmu wurare uku suka fi dosa da wannan ciwo: Katsina, inda akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da na Janar Amadi Rimi, Shika ta Zariya, wadda ta fi kusa da mutanen Sabuwa da Faskari in sun biyo ta Funtuwa, sai Kano, inda Asibitin Malam Aminu Kano yake, wanda tun 2002 ake dashen ƙoda a cikinsa. Mu Kano muka zaɓa saboda akwai wurin kwana, kuma a wani asibitin kuɗi muka samu gurbi. Muka shigo ta Rimin Gado da Janguza, muka wuce sabuwar jami'ar Bayero, muka faɗa cunkoson Kabuga ana kiran azahar.

In kana son gane ɗakin wankin ƙoda a kowane asibiti, nemi bencin da mutane ke zaune da barguna da tsakar rana. Kowa da ƙullinsa: wannan gwado, wancan bargon Makka mai zanen damisa, wata da safa biyu a ƙafa da hular ulu a ƙarƙashin hijabi. Nan muka tarar da wata dattijuwa 'yar Sabuwa, wadda tuni ta haƙura da zirga-zirga, 'ya'yanta suka kama mata ɗaki a Kano. 'Yarta na zuwa da filas, ta zuba ruwan zafi a gorar roba, ta naɗe da zane ta sa mata a ƙafa. Akwai kuma wani malamin firamare daga Faskari, siriri, mai yawan magana, wanda ya biyo ta Sheme da Funtuwa tun jiya. Da ya ji daga inda muke ya ce, "Ashe taron mazaɓa ne. Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, ɗan majalisarmu ɗaya a Abuja, ga mu kuma benci ɗaya a Kano."

Shi ya ɗauko zancen kuɗi. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, ciki har da na koyarwa na Maiduguri da cibiyar lafiya ta Azare. Malamin ya ce abu ne mai kyau, amma shi ko kyauta aka ce, akwai kuɗin mota, da na gwaji, da na allurar ƙarin jini, da na ledar jini in abin ya yi ƙasa, da abincin mai jinya. "Ciwon da ya wahalar da Umaru Musa 'Yar'aduwa tun yana gwamna," in ji shi, "shi ne ya zo ya kama malamin firamare." Ya ce shi hawan jini ne ya ci masa ƙoda bai sani ba. Dattijuwar kuwa suga ce. Kawu hawan jini ne, ga kuma shekaru yana sayen haɗin maganin gajiya a kemis duk ya dawo gona, irin ƙwayoyin kashe ciwon jiki da likitoci ke cewa yawan shansu na lalata ƙoda.

Da layi ya zo kanmu, nas ɗin da ke kula da shi ta ɗora shi a sikeli, ta rubuta kilo nawa ya ƙaru tun wankin baya, don shi ne ruwan da za a cire. Tana buɗe masa riga ta ga igiya. Ta tsaya. Na yi mata bayani ina ɗan jin kunya, kamar wanda aka kama da maganin gargajiya a ƙarƙashin filo.

"Baba, mutumin Ƙanƙara guda da jin sanyi?"

"Ɗiyata, sunan kawai muka gada."

Ta cire pawa bank ɗin ta duba ko ya kumbura, ta sa tafin hannu a cikin rigar ta daɗe, ta je ta yi magana da likita ta dawo. An yarda, amma da sharaɗi. Ba za a wuce shuɗi ba. Ba za ta taɓa fata kai tsaye ba, sai a kan wata riga. Zif zai zauna a buɗe daga sama, don dole bututun wuya ya kasance a fili inda idonta zai riƙa kaiwa. In wani abu ya kwance a ƙarƙashin mayafi, jini na iya zuba da yawa kafin a ankara. Ba kuma za a jona ta da soket ɗin bango ba. Ta tambaya ko yana da suga, na ce a'a. Ta ce da yana da ita da ba ta yarda ba, don suga na kashe jijiyoyin ji, mutum ya ƙone bai sani ba. Da ta faɗi haka na tuna gorar ruwan zafin da ke ƙafar dattijuwar Sabuwa, na gaya mata. Ta fita da sauri.

An bar ni na zauna kusa da shi na ɗan lokaci, kuma a ranar na fara kallon injin da idon basira. Tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Roba biyu ke fita daga wuyan Kawu, ɗaya mai alamar ja, ɗaya mai shuɗi. Wani ɗan faifai na juyawa yana matsa robar, yana tura jini zuwa cikin matata, wadda ba ta wuce tsawon damtsen hannu ba, cike da dubban zaruruwa masu rami, sirara kamar gashi. Jini na bi ta cikinsu, ruwan wanki na bi ta bayansu, dattin na tsallakawa daga wannan zuwa wancan. A fuskar injin na ga lamba 250, wato mililita 250 na jini a minti ɗaya. Na buga lissafi a waya: cikin awa huɗu lita 60 ke nan, alhali duk jinin babban mutum bai fi lita biyar ba. Ashe jinin Kawu yakan fita daga jikinsa ya zaga cikin roba, a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke hurawa, ya dawo, fiye da sau goma kafin a sallame shi. Na taɓa robar da bayan yatsa, na ji ɗumin jinin kawuna a waje.

Shi ma ruwan wankin injin ne ke ɗumama shi, kuma sau da yawa da gangan ake barin sa ƙasa kaɗan da zafin jiki, wajen digiri 36 ko ƙasa da haka. Dalili kuwa, ana cire wa mutum lita biyu ko uku na ruwa cikin 'yan awoyi, jininsa na iya faɗuwa, ya ji jiri, ya yi amai, har ya suma. Sanyi na sa jijiyoyi su tsuke su riƙe jinin, zafi kuwa na buɗe su. Hikimar hana ni danna ja ke nan: in na gasa masa baya, ina warware abin da likita ya ƙulla. Daga baya na karanta cewa a lardin Ontariyo na Kanada an yi wani babban gwaji mai suna MyTEMP a cibiyoyi 84, da majinyata sama da 15,000, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2022. Ba a ga sanyaya ruwan ga kowa da kowa ya rage mutuwa ko kwanciya asibiti ta dalilin ciwon zuciya ba, majinyatan dai sun fi kukan sanyi. Don haka ba laifi ba ne majinyaci ya tambayi likitansa ko za a iya ɗaga masa zafin ruwan kaɗan. Mu dai ba mu saba tambayar likita ba, sai mu ƙara bargo.

Sanyin cikin ɓargon kuwa da Kawu ke faɗa, ashe bai yi kuskuren wuri ba. Ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jan jini. In ta mutu, umarnin ya tsaya, jini ya yi ƙasa, mutum ya ɗashe, ya riƙa jin ɗari ko a watan Afrilu. Maganin wannan allura ce mai tsada da ake so a riƙa yi a kai a kai, da sinadarin ƙarfe. Kawu yana samun ta ne in an sayar da wani abu.

Awa ta farko lafiya lau. Har ya ce mini, "Ka gaya ma abokin nan naka Allah shi yi mashi albarka." Malamin Faskari daga gadonsa yana tambayar nawa take, yana cewa in an yi albashi.

Cikin awa ta biyu na ga bargon yana motsi. Kafin in miƙe, haƙoransa sun fara haɗuwa, gadon ƙarfen na kaɗawa. Na sa hannu a bayansa, falmaran da ɗuminta. Na ce a raina shuɗin ne ya yi kaɗan. Na waiga, nas tana can wajen wani gado, na kai yatsa kan maɓallin. Wallahi saura ƙiris in danna.

"Malam, kar ka taɓa!"

Ban san ta gan ni ba. Ta zo ta zare igiyar gaba ɗaya, ta sa masa ma'aunin zafi, ta ɗaga ta duba: ya haura 38. Ta kira likita. Aka ɗaga filastar wuyan, sai ga bakin wurin ya yi ja, da ɗan ruwa-ruwa. Kwana goma sha ɗaya filasta ɗaya, cikin ƙurar hunturu, da wanka da kwano, da hawa babur daga Pauwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bututun wuya kuwa ƙofa ce buɗaɗɗiya har zuwa zuciya. Ƙwayoyin cuta sun taru a cikinsa, da injin ya fara aiki ya kwashe su ya watsa cikin jini. Aka ɗebi jini don gwaji, aka fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta nan take.

Da abin ya lafa, nas ɗin ta same ni a baranda. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce sanyin ɗakin nan iri biyu ne, kuma su aikinsu su rarrabe. Akwai na inji, wanda bargo da safa ke ragewa. Akwai kuma rawar ɗarin zazzaɓi, wanda saƙo ne. "Jiki magayi, Malam. In ya fara magana ba a toshe masa baki." Ta ce wanda yake cikin riga mai ɗumi amma yana karkarwa haka, ai ya riga ya gaya maka ba iskar ɗaki ke damunsa ba. Ni da na kawo rigar ban karanta haka ba, ita da ta fara ganin ta yau ta karanta.

Kwana huɗu muka ƙara a Kano maimakon ɗaya. Aka cire bututun aka sa wani. Likita ya sake maimaita abin da ya daɗe yana faɗa, cewa a yi wa Kawu aikin haɗa jijiya a hannu, wanda in ya nuna bayan wasu makonni ta nan za a riƙa sa allura, ba sauran roba a wuya, haɗarin shigar cuta kuma ya ragu ƙwarai. Tun 1965 likitoci suka fara wannan aiki a birnin Niyok, ba sabon abu ba ne. Mu ne kullum kuɗin da za a tara a yi shi sai wankin wannan mako ya cinye. Na zauna na yi lissafi a daren: abin da zazzaɓin nan ya ci mana cikin kwana huɗu ya isa a fara maganar aikin. Kuɗin falmaran bai kai na wanki ɗaya ba, amma na ji nauyin cewa abin da ido ke gani na saya, na bar wanda likita ya ce.

Duk da haka ba zan zage ta ba. A hanya ta yi rana, kuma hanyar ita ce rabin wahalar. Bayan wanki mutum kan fito a galabaice, jiki ba ƙwari, a haka zai shiga mota mai fasasshen gilashi. A kan shuɗi pawa bank ɗin ya kai mu daga Ƙanƙara har Kano da saura; da na gwada ja a jikina a gida, bai cika awa huɗu ba ya mutu. Rashin hannunta ma alheri ne, don ranar da aka yi aikin jijiyar, hannun nan ba a son a matse shi ko a rufe shi lokacin wanki. Inna ce dai har yanzu ba ta yarda a kwana da ita a jiki ba. Da dare takan zare batirin ta ajiye a cikin tukunyar ƙasa a tsakar gida, ni kuma ban hana ta ba.

Ranar komawa muka bar Kano da hantsi don mu shiga Ƙanƙara kafin la'asar. A Gwarzo Kawu ya sa aka tsaya ya sayi rake, ba don ya sha ba, don jikoki. Da muka iso tasha mai shayin nan ya hango mu ya taso. "Baba, ya jiki? Ya falmaran?" Kawu ya ce, "Falmaran lafiyarta lau. Mai falmaran ne sai a hankali." Babur na jira, aka sa shi a tsakiya, suka yi yamma, ƙura ta rufe su.

Mai karatu, in kana da majinyaci irin nawa kuma ka ga wannan riga a kasuwa, saya masa in da hali, amma ka fara kai ta gaban nas ɗin da ke kula da shi kafin ya shiga da ita. Ka haɗa masa da ma'aunin zafin jiki daga kemis, ka koya wa wanda ke kwana da shi yadda ake dubawa. In yana cikin ɗumi ya kama karkarwa, kada ka taɓa maɓalli, kira nas.